Kafin Ki Ɗaga Bulala, Duba Kwamfutar Tukuna

 

Maganar da na zo miki da ita a wannan watan ta kwamfuta ce. Na san wata za ta ce, to Malama, ina ruwan biri da gada? Ki ɗan daure ki karanta 'yar'uwa, domin ni ma ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai ranar da na ga ya kusa shiga tsakanin uba da ɗansa.

Wata Laraba ce da yamma, an tashi daga makaranta ina tattara littattafaina, sai ga mahaifiyar wani tsohon ɗalibina ta yi sallama. Tun kafin mu gama gaisawa na ga idanunta sun kumbura. Ta ce, "Malama, wurinki na zo. Ɗan nan naki ya lalace, so nake ki yi masa faɗa ko zai ji naki." Yaron shekararsa 16, yana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta, shi ya sa babansa ya ƙoƙarta ya saya masa laftof 'yar gwanjo don hannunsa ya saba. Ranar Lahadi uwar ta buɗe kwamfutar za ta duba wani girki, sai ga hotunan mata tsirara sun cika allon. Ta rufe wannan, wani ya buɗe. Uban yana dawowa ta gaya masa, ya zane yaron da wayar wuta, ya kulle kwamfutar a ɗakinsa. Shi kuwa yaron sai rantsuwa yake yi cewa bai san daga inda suka fito ba, kuma yau kwana 3 rabonsa da cin abincin kirki.

A kwalejin ilimi da na yi, dole aka yi mana darasin kwamfuta, muna yi muna gunaguni, ashe zai yi mini rana. Na ce mata, "Hajiya, faɗa ba zai gagara ba, amma ki fara kawo mini kwamfutar in gani." Washegari ta kawo. Muka zauna a tsakar gidana, na haɗa ta da intanet ɗin wayata, na buɗe Chrome. Maimakon shafin Google sai ga wani baƙon shafi mai kama da shi. Da hannuna na rubuta adireshin hukumar JAMB, a gabanta, na danna. Shafin bai gama buɗewa ba wani ya tsiro a gefensa, na caca. Na rufe shi, sai ga irin waɗancan hotunan da ta gani. Na juyo na ce, "To Hajiya, ni ma na lalace ke nan?" Ta dafe ƙirji tana salati.

Mece ce burauza, kuma wa ke fashinta?

Burauza ita ce manhajar da kike buɗewa idan za ki shiga intanet: Chrome, ko Edge, ko Firefox, ko Opera. Ki ɗauke ta kamar yarinyar da kike aike kasuwa. Kin ba ta kuɗi kin ce ta je wurin mai kayan miyan da kika saba, ta tafi ta dawo. To sai wani ya tare ta a hanya ya saye ta, ya ce duk inda aka aike ki, ki fara biyowa ta rumfata. Daga ranar ke kina aike, shi yana cin riba, kuma kayan da take kawo miki ba su kika ce ba. Wannan shi ne abin da masana suke kira fashin burauza, kamar yadda ake fashin jirgi a karkatar da shi zuwa inda ba can ya dosa ba. Wata 'yar muguwar manhaja ce take shiga kwamfuta ta canza shafin da burauza take fara buɗewa, ta canza injin binciken da kike neman abu da shi, ta kuma riƙa cusa tallace-tallace a shafukan da ba su da talla.

Masu yin ta ba don sun san ki ko sun san ɗanki suke yi ba. Kuɗi suke nema. Duk tallar da ta bayyana a allonki, duk wadda aka danna ko da bisa kuskure, akwai 'yan kwabban da suke shiga aljihunsu. Kwabon kwamfuta ɗaya ba komai ba ne, amma ki tara na miliyoyi. A shekarar 2011 hukumar FBI ta Amurka tare da 'yan sandan ƙasar Istoniya suka kama wani gungu da ya sa wa kwamfutoci kimanin miliyan 4 wata manhaja mai suna DNSChanger, wadda take karkatar da mutane zuwa shafukan talla, kuma an ƙiyasta sun tara dala miliyan 14 da ita. Dalilin da ya sa hotunan batsa da caca suka fi yawa kuwa shi ne, manyan kamfanonin talla masu mutunci ba sa hulɗa da irin waɗannan mutane, sai masu kayan da ba za su tallatu a fili ba.

Abin ya daɗe. Tun 2003 aka yi fama da wata mai suna CoolWebSearch, wadda ta yi ƙaurin suna wajen jefa mutane shafukan batsa, har sai da wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Merijn Bellekom, ya rubuta manhaja ta musamman don cire ta. A 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ce wata mai suna Fireball ta shiga kwamfutoci sama da miliyan 250, ko da yake Microsoft ya ce adadin bai kai ko kusa da haka ba. A watan Disamba na 2020 Microsoft ya ba da labarin wata, Adrozek, wadda a watan Agustan shekarar take kan kwamfutoci sama da 30,000 a kowace rana, kuma ita ba ta tsaya a talla ba, a Firefox har kalmomin sirrin da aka ajiye take kwashewa. Nan ne abin ya wuce na hotuna. Idan kina shiga asusunki na banki ko imel a irin wannan kwamfutar, to da ɓarawo a ɗaki kike ƙirga kuɗi.

Malamar da ta kusa shan ɗaurin shekara 40

Akwai wani labari da duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi, wataƙila don ni ma aji nake shiga. A watan Oktoba na 2004, wata malamar wucin gadi mai suna Julie Amero tana riƙe da wani aji a garin Norwich na jihar Konetikat a Amurka, sai kwamfutar ajin ta fara watso hotunan batsa, wasu ɗalibai suka gani. Matar ba ta san kwamfuta sosai ba, kuma an riga an ja mata kunne kada ta kashe ta. Aka kai ta kotu. A watan Janairu na 2007 aka same ta da laifi, hukuncin da yake iya kaiwa ɗaurin shekara 40. Sai da masana kwamfuta suka tashi tsaye suka binciki na'urar, suka nuna cewa tana ɗauke da miyagun manhajojin talla kuma kariyarta ta daɗe ba a sabunta ba, sannan alƙali ya soke hukuncin a watan Yuni na wannan shekarar. Duk da haka ba ta tsira kyauta ba. A ƙarshen 2008 ta amsa wani ƙaramin laifi don a rufe maganar, ta biya tarar dala 100, ta kuma miƙa lasisinta na koyarwa.

To idan kotu guda, da lauyoyi da masu bincike, za su ruɗe a kan wannan, ina ga uba da ya dawo daga kasuwa a gajiye aka tare shi da mummunan labari? Ban ce miki yaranmu mala'iku ba ne. Shekaruna a aji sun koya mini cewa yaro yana iya rantsuwa a kan ƙarya ido buɗe. Amma mu da muke karantar da su cewa zato zunubi ne, kuma a binciki labari kafin a yanke hukunci, bai kamata a ce a kan kwamfuta ne muka manta ba. Ki kuma sani, tarihin burauza, wato jerin shafukan da aka shiga, shi kaɗai ba shaida ba ne, domin shafin da ya buɗe kansa ma yana hawa jerin. Abin da ya fi zama shaida shi ne kalmomin da aka rubuta aka nema. A kwamfutar yaron nan mun duba tare da uwarsa: tambayoyin Kimiyya, sakamakon ƙwallo, sai wata waƙa. Shi ke nan.

Ta ina ɓarawon yake shigowa?

Abin takaicin, yawanci da hannunmu muke buɗe masa ƙofa. Hanya mafi yawa ita ce ta kayan kyauta. Za a sauko da wata manhaja ta buɗe bidiyo ko ta sauko da fim, a zo wajen girka ta, sai a yi ta danna Next, Next, Next ba karatu. A ɗaya daga cikin waɗannan shafukan akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alama, yana cewa kin yarda a canza miki injin bincike, a kuma ƙara miki wata manhaja. Ba ƙananan mayaudara kaɗai suka yi wannan ba. Shekaru da dama duk mai girka Java a kan Windows sai an cusa masa sandar bincike ta Ask idan bai cire alamar ba.

Sai maɓallin ƙarya. Ki shiga shafin sauko da fim ko littafi, za ki ga manyan maɓallai kore guda 3 ko 4 duk an rubuta Download, alhali na gaskiyan ƙarami ne a can ƙasa. Sai manhajojin sata, waɗanda aka fasa don kada a biya kuɗinsu, da wasannin yara irin na ƙwallo da mota. A 2022 wata mai suna ChromeLoader ta yaɗu ta wannan hanyar, tana shigar burtu a matsayin wasa ko fim na kyauta. Nan sai mu yi wa kanmu adalci: kwamfutoci nawa ne a gidajenmu da ba a loda musu irin wannan kaya ba tun a shago? Mai sayarwa zai ce ya cika miki ita da komai, ke kuma ki yi godiya.

Akwai kuma wata sabuwar dabara da ta fi kama mata irinmu. Shafi zai ce ki danna Allow don ki tabbatar ke mutum ce, ko don bidiyo ya buɗe. Kina dannawa kin ba shi izinin turo miki saƙo duk lokacin da ya ga dama. Daga nan sai hotuna su riƙa leƙowa ta kusurwar allo ta ƙasa a hannun dama, ko da ba kya cikin shafin. Wannan ba ma manhaja ba ce ta shiga, izini ne kika bayar, kuma janye shi ba ya cin minti 2.

Mu koma tsakar gidana. Da na jera manhajojin kwamfutar bisa ranar da aka sa su, sai ga wasu baƙi guda 3 duk rana ɗaya, tare da wata ta sauko da bidiyo. Na karanta mata ranar. Ta yi shiru tana lissafi, can sai ta ce a hankali, "Ranar sunan ƙanwata ce. Da muka dawo na sa Auta ta sauko mini da fim ɗin Indiyan nan na fassara." Yaron ma ranar yana gidan kakarsa. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Yadda za ki gane, da yadda za ki kore shi

Idan shafi ɗaya ne kawai yake damunki da talla, musamman na fim ko waƙa, wannan halin shafin ne, ki daina zuwa. Amma idan ko'ina kika shiga abin yana bin ki, har shafin makaranta ko na jarida, idan shafin farko ya canza ba ke kika canza ba, idan kin nemi abu sai ki ga adireshin sama ya yi tsalle ta wasu sunaye kafin ya tsaya, idan data tana ƙarewa kamar ana zuƙe ta, to abin a cikin gida yake. Babbar alama ita ce ki gyara, ki kashe kwamfutar, ki kunna ki tarar ya dawo.

Gyaran ba ya buƙatar digiri. Yana buƙatar awa guda da natsuwa, kuma tsarin yana da muhimmanci: uwar ake fara cirewa kafin 'ya'yan. Da yawa sukan fara da burauza, su share, gobe abin ya dawo, saboda manhajar da take shuka shi tana nan zaune. Sunayen da zan ambata da Turanci haka za ki gan su a allon, shi ya sa na bar su.

Ki fara da Settings na Windows, ki shiga Apps, ki buɗe jerin manhajojin da aka girka, ki sa a jera su bisa rana. Ki tuna lokacin da matsalar ta fara, ki duba abin da ya shigo a wannan makon. Duk wadda ba ki sani ba, ba wanda ya san ta a gidan, musamman mai suna irin na bincike ko rangwame ko ƙara sauri, ki danna Uninstall. Amma ki yi hattara, kada zafin nama ya sa ki cire na Microsoft, ko Intel, ko Realtek, ko na kamfanin da ya ƙera kwamfutar, don su ne suke riƙe da sauti da hoto. Wadda kika yi shakka, ki rubuta sunanta a wayarki ki bincika tukuna.

Sannan ki dawo burauza. A Chrome akwai ɗigo 3 a sama ta hannun dama. Ki danna, ki nemi Extensions, wato 'yan maƙale-maƙalen da ake ƙara wa burauza. Duk wanda ba ke kika sa ba, Remove. Kada ki ji tausayin ko ɗaya, in mai amfani ne za a iya mayar da shi. Daga nan ki shiga Settings, ki duba Search engine ki mayar da shi wanda kika sani, ki duba On startup ki goge baƙon adireshi. Sai Privacy and security, Site settings, Notifications: a nan za ki ga jerin shafukan da aka ba izinin turo saƙo. A kwamfutar Hajiya sunaye ne birjik, ba wanda muka iya karantawa. Ki toshe su duka. A ƙarshe ki je Reset settings ki mayar da burauzar yadda ta zo. Mata da yawa suna tsoron wannan, to ki kwantar da hankalinki: ba ya goge shafukan da kika adana ko kalmomin sirrinki, sai dai za a fitar da ke daga shafukan da kika shiga, ki sake shiga. Edge ma tana da Reset settings, Firefox kuwa nata ana ce masa Refresh Firefox. Idan burauza biyu ce a kwamfutar, duka za ki yi wa.

Akwai wata maɓoya da ake yawan mantawa. Ɗan tambarin Chrome da kike dannawa a fuskar kwamfuta, ki danna shi da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Properties, ki duba layin da aka rubuta Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe. In kin ga an jona masa wani adireshi a bayansa, ki goge tambarin gaba ɗaya ki yi sabo.

Bayan wannan sai wanka. Windows 10 da 11 suna da mai gadinsu na kyauta, Microsoft Defender. Ki buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ki zaɓi Full scan ki bar ta ta yi, ko da za ta kai ki gama tuwon dare. A wuri ɗaya akwai wanda ake kira Offline scan, wanda yake kashe kwamfutar ya bincike ta kafin miyagun su farka. Ni nakan ƙara da AdwCleaner ta kamfanin Malwarebytes, kyauta ce, kuma don irin wannan ƙazantar aka yi ta. Sai dai daga shafin kamfanin kaɗai za ki sauko da ita, don an sha yin jabun magani a sayar wa mai neman lafiya. Duk shafin da ya fito da jan rubutu da ƙara yana cewa kwamfutarki ta kamu, ki kira wannan lamba ko ki danna nan a wanke miki, shi ne cutar. Burauza ba ta binciken cuta. Ki rufe shi kawai.

Idan an gama, ki canza kalmomin sirrin imel da banki da Facebook, kuma ya fi kyau ki canza su daga wayarki. Ki kuma lura, idan an shiga Chrome da asusun Google, maƙale-maƙalen suna iya bin asusun zuwa wata kwamfutar, don haka in akwai ta biyu a gidan a duba ta.

In abin ya fi ƙarfinki

Wani lokaci za ki ga maɓallin Remove ya ƙi dannuwa, ko a ƙasan jerin Chrome an rubuta Managed by your organization, wato wai wata ma'aikata ce take juya burauzar, alhali kwamfutar gida ce. Wannan rubutun wani sa'in manhajar kariya ce take jawo shi, amma sau da yawa alama ce cewa ɓarawon ya yi wa kansa katanga. Wasu kuma sukan ɓoye umarni a cikin Windows da yake sake girka su duk bayan 'yan mintoci. Idan kuma duk na'urorin gidan ne suke karkata, har wayoyi, muddin suna kan wayfay ɗaya, to na'urar wayfay ɗin ce aka taɓa, sai an mayar da ita yadda ta zo an canza mata kalmar sirri. A irin wannan, a kai wa mai gyara, kuma mafi tsabta shi ne a kwashe takardu da hotuna a sake ɗora Windows sabuwa.

Amma uwargida, ga wata magana tsakanina da ke. Kafin kwamfuta ko waya ta bar gidanki zuwa shago, ki kwashe hotunanki da na 'ya'yanki mata zuwa filashi, ki goge na ciki, ki fita daga imel da WhatsApp. Akwai masu gyara masu amana, da yawa ma, amma hoton biki da kika ɗauka ba mayafi ba don idon kowa kika ɗauka ba. In da hali maigida ko babban ɗanki ya zauna a yi gyaran a gabansa. Kuma a gaya wa mai gyaran ƙarara: ba ma son kyautar manhajoji, abin da muka ce kaɗai za a sa.

Toshe ƙofa

Abu ɗaya da na ga ya fi komai aiki a gida mai yara shi ne raba asusu. Windows tana ba da damar a yi asusun mai gida, wanda shi kaɗai yake iya girka manhaja, da asusun talakawa da ake kira Standard. Ki riƙe na farkon da kalmar sirrin da ke da maigida kaɗai kuka sani, yara su yi aiki da na biyun. Duk ranar da wani abu ya nemi shiga cikin jikin kwamfutar sai an zo an same ki. Bai toshe komai da komai ba, don wasu maƙale-maƙalen burauza ba sa neman wannan izinin, amma ya rage fiye da yadda kike zato. Za su yi ƙorafi makon farko, su saba.

Ki koya musu, ke ma ki koya: wajen girka manhaja a zaɓi Custom ko Advanced, a karanta kowane shafi, a cire alamar abin da ba a nema ba. Shafi ya ce Allow, a danna Block. Fim sunansa yana ƙarewa da mp4 ko mkv, littafi da pdf. Duk fim ko tambayoyin jarrabawa da suka ƙare da exe, ba fim ba ne, manhaja ce ta yi lulluɓi. Windows takan ɓoye wannan wutsiyar sunan, sai ki shiga View a cikin jakar fayiloli ki sa a nuna File name extensions.

Sai sabuntawa. Na san data tana da tsada, kuma da yawanmu mun kashe sabuntawar Windows saboda haka, amma ta nan ake toshe ramukan da ɓarayi suka gano. A nan 'yan gwanjonmu suna da matsala. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabunta kansa a kanta a farkon 2023. Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin lokaci. Don haka in za a saya wa yaro kwamfuta ta hannu, a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 kafin a tambayi launinta. Wadda take kan Windows 7 har yanzu, a yi rubutu da ita, amma kada a shiga banki.

Waya ma ba ta tsira ba. In kin ga talla tana faɗowa a fuskar wayarki ba ki buɗe komai ba, ki duba manhajar da aka sa kwanan nan, musamman wadda aka turo ta Xender ko WhatsApp, ki kuma duba izinin saƙonni a Chrome kamar yadda na faɗa a sama.

Sannan ajiye kwamfutar a falo, allonta yana kallon mutane. Ki kuma gaya wa yaranki tun yau cewa duk wanda ya ga mummunan hoto ya faɗo, ya rufe murfin ya zo ya gaya miki, ba duka ba zagi. Yaron nan ya gaya mini daga baya cewa ya fi mako 2 yana ganin abin. Kullum sai ya rufe da sauri gabansa yana faɗuwa, ya rasa wanda zai gaya wa, don ya san abin da za a ce.

Mun gama gyaran ana kiran magariba. Hajiya ta ce ita ba za ta iya yi wa Alhaji bayani ba, sai dai in maigidana ya kira shi, haka kuwa aka yi. Da na haɗu da ita bayan mako guda na tambaye ta ko uban ya ba yaron haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Malama, kin san Alhaji." Da daddare dai ya shigo da ƙunshin tsire, ya ajiye a kan kwamfutar a ƙofar ɗakin yaron, ya ce a gaya masa ya dage da karatu, saura wata 2 jarrabawa.